Kwado Uku Na Ɗakin Sanyi

Isa

Ƙarfe shida saura kwata na fito gidanmu a garin Isa, rungume da kular ƙanƙara. A ciki akwai allurar ciwon suga ta Gwaggo Hajo, ta wata guda, wadda in ta sha zafi ta tashi aiki. Tata ta ƙare tun shekaranjiya. A tasha, direban motar Sabon Birni ya karɓi dubu biyu da ɗari biyar, ya so ya cusa kular a but ɗin mota tare da akuya. Nic ce mai sai dai a sa ni can, kular ta zauna kujera.

Shinge huɗu munka wuce. A na uku wani soja ya buɗe ta yana neman lemu, ya bar mani ita a buɗe yana waya.

Sabon Birni

Tara da rabi munka iso. Na ci waina uku a tsaye, na hau babur ɗin kabu-kabu zuwa ƙauyensu Gwaggo, gaba da Unguwar Lalle. Kafin mu kai, ƙanƙara ta koma ruwa.

Ƙauye

Garin na da ɗakin sanyi mai aiki da sola, na jama'a, kuma kwamiti ke riƙe da shi. Can na nufa in aje allurar kafin malamin asibiti ya zo. Da yake ba mai yarda da wani, kwado uku anka sa wa ƙofar: na manoma, na mahauta, na 'yan kasuwa. Biyu sun zo da makullinsu. Alhajin 'yan kasuwa ya tafi Maradi da nashi a aljihu, sai jibi.

Nic ce a fasa kwadon. Shugaban kwamiti, Malam Bawa, ya gyara hula. "Ɗana, wanga sai an zauna." Sunka zauna kuwa. Awa guda ana gardamar ko za a iya zama ba Alhaji. Raina ya ɓaci, na ji tsoro kuma, don Gwaggo na kwance tana ta neman ruwa.

Sai ga wata Bafillata, Inna Dije, da ƙwaryar nono. Ta dubi kular, ta dube ni. "Ta Hajo ce? Riƙa man ƙwaryar." Ta zagaya gefen ƙofar, ta zare ƙusa biyu da ke riƙe da ƙyauren, ta ɗage shi. Kwaduna uku na reto, ba wanda anka taɓa. Ciki kuwa cike da nono da tumatur na matan garin. Na yi maza na sa allurar ciki.

Malam Bawa ya miƙe. "Dije, tun yaushe?"

"Tun bara, Malam. Ku ci gaba da zamanku, ba mu hana ku ba."

Da la'asar malamin asibiti ya yi wa Gwaggo allura, har ta tashi ta ci tuwo tana yi man faɗan na rame.

Gida

Washegari da azahar na sauka Isa lafiya, na gode wa Allah da Inna Dije. Daga baya na ji an ce da Alhaji ya dawo sun yanke a ƙara kwado na huɗu, a ba Inna Dije makullin. Tac ce su bar abinsu, ƙusarta ta ishe ta.