Curin Gashin da Tabawa Ta Tsinta a Bayan Rumbu

Wata rana wata mata mai suna Tabawa tana shara a bayan rumbunta, sai tsintsiya ta turo wani ɗan curi baƙi, bai fi dabino girma ba.

Ta sa tsinke ta fasa. Gashi ne a dunƙule, da ƙananan ƙasusuwa, har da ɗan ƙoƙon kai mai haƙora.



Kullum ta wayi gari sai ta tarar da sabo. Gashi da ƙashi a bayan rumbu? Tabawa ta ce wannan sammu ne, ba sai an kai wa malami ba.

Ba ta wahalar da kanta wajen neman mai shi ba. Maƙwabciyarta Iya Hansai, tsohuwa mai daddawa, ta nan take bi in za ta itace. Kuma ba a daɗe ba da akuyar Tabawa ta ɓarar mata da kalwar da ta shanya, suka yi cacar baki.

Tabawa ta ƙulle curin a gefen zane, ta jira rijiya ta cika da mata. Ta kwance, ta zube a ƙasa, ta kira sunan tsohuwar, ta haɗa da mayya.

Tsohuwar nan fa ita ta yanke wa 'ya'yan Tabawa cibi. Ranar ba ta tuna ba.

Daddawar Iya Hansai ta daina fita. Yara suka daina shiga gidanta. Mai goyo in ta hango ta, sai ta ja mayafi ta rufe kan ɗanta.

Tsohuwa ta daina bi ta bayan rumbu. Amma curi bai daina faɗowa ba.

Ran nan da hantsi, Tabawa ta ji ƙananan tsuntsaye sun cika bayan gida da tsiwa. Ta je, ta ɗaga kai.

Mujiya ce a lafe ƙarƙashin jinkar rumbu, fuska fara fat, a shimfiɗe kamar faifai. Jikinta ko motsi, sai wuya da ta murɗo ta dube ta, don mujiya ba ta juya ƙwayar ido.

Sai ta buɗe baki, ta yi kakari, ta amayo abu. Ya faɗo dab da ƙafar Tabawa, da danshinsa.

Curin ne.

Ku da ba ku sani ba, ku sani. Mujiya ɗungurungum take haɗiye ɓera. Nama ya narke, gashi da ƙashi ta dawo da su. A duhu kunnenta ke nuna mata inda ɓera yake, fiffikenta kuma ba ya ƙara, sai dai ɓera ya ji shi a sama. Duk shekarar ɓera bai taɓa geron Tabawa ba, ita kuwa ba ta taɓa tambayar dalili ba.

Ta jira hanya ta yi shiru, ta saɗaɗa gidan tsohuwar, ta durƙusa a bakin ƙofar ɗaki.

"Iya, don Allah ki yafe mini. Ashe aman mujiya ne."

"A ina kika kira ni mayya, Tabawa?"

"A rijiya, Iya."

"To me ya kawo ki ɗakina? Nan ai ba wanda ya ji."

Tabawa ta koma rijiya. Ta faɗi gaskiya. Ta rantse da idonta ta gani.

Can sai wata ta ajiye guga, ta ce ai dama an san mayu suna rikiɗa mujiya.

Mata suka gyaɗa kai.

Kafin ruwa ya sauka, ɗan Iya Hansai ya zo ya tafi da uwarsa birni. Tabawa ce ta ɗaure mata tukwane, ta ɗora a mota. Tsohuwa ta dube ta, ta yi mata sannu da aiki, ta shiga mota.

Darasi: Abin da kika tsinta a ƙasa, ɗaga kai ki ga daga ina ya faɗo kafin ki ɗora wa mutum. Sharri in ya fita bakinki ya zama na gari, kuma gari ba ya mayarwa don kin yi kuka.

Ku tura wa masu saurin baki na gidajenku. In babu, ku duba da kyau, wataƙila ku ne.