Na Kai Muryar Inna Daura

Muna idar da sallar asuba muka tashi daga Babban Mutum, ni da goyona da yayar mijina. 'Yan'uwa mata da kuke ta tambayata abin da ya kai ni Daura, to ga labarin.

Kwamfuta ce ta kai ni. Ta maigidana ce, da ita yake tura wa mutane waƙoƙi da finafinai a waya kafin ya tafi ci-rani Kudu. Ni ba ruwana da kayan cikinta sai abu ɗaya, muryar Inna mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, tana yi wa ɗana waƙar reno. Maigidan ne ya ɗauka da waya ya zuba a ciki, wayar kuma ta daɗe da lalacewa. Muryar nan babu ita ko'ina sai nan. Ran nan ƙanin maigidan ya haɗa kwamfutar da sabis ɗin wayarsa, sai fuskarta ta yi shuɗi, wani zobe yana ta juyawa, ta ƙi gaba ta ƙi baya. Malamin firamare maƙwabcinmu ya karanta Turancin, ya ce sabunta kanta ta fara sabis ya yanke mata, sai dai a kai Daura. Dama garinmu na bakin iyaka haka yake, kina zaune a ɗakinki waya za ta yi miki maraba da zuwa Nijar.

Na naɗe kwamfutar da zani biyu na rungume. Kwandasta ya ce a sa a but tare da buhunan gero, na ce ba kaya ba ne. Kuɗin mota ya ƙaru, wai mai ya tashi, kuma duk da haka mu huɗu aka cusa a kujerar mutum uku. Gero ya nuna dama da hagu, an fara girbi. A Baure wani mai jar hula ya shigo, idonsa kan ƙunshina. Har ya tambaya ko ta sayarwa ce. Ta ina ya san kwamfuta ce? Yaya ta ce kusurwar ce ta leƙo, ni dai ban yarda da shi ba har ya sauka a Sandamu. A nan muka sayi ƙosai da dafaffiyar gyaɗa. Ƙosan sun ƙanƙance, sai ka ce don yaye aka soya su.

Abin da ke cina a rai shi ne na san sana'ar nan daga cikin gida. Na sha ganin maigidana an kawo masa waya a sa mata waƙa ɗaya, kafin mai ita ya gama gaisawa ya kwashe na cikinta ya ƙara a nasa. Akwai wata a unguwarmu da ta yi waƙa a bikin ƙanwarta cikin mata zalla, sai ga muryarta an ɗora mata kiɗa tana tashi a tashar mota. Har yau ba ta san wanda ya fitar ba.

Da hantsi muka shiga Daura. Shagon da aka kwatanta mana yana kusa da kasuwa, matsattse, samari zaune kan benci kowa ya duƙa kan waya. Mai gyaran magidanci ne mai ɗan gemu. Ya ce mu bar kwamfutar mu dawo da la'asar. Na ja kujera na zauna.

Ya soka mata wani ɗan ƙarfe ta buɗe. Ya ce manhajar da ke tafiyar da ita kofi ce ta sata, ga ta ta tsufa, sai an wanke komai an zuba sabuwa, don haka abin da nake so sai an kwafe shi tukuna. Abin da na zo ina gudu, wai shi ne maganin.

Na lura da wani ɗan akwati a bango mai ƙaho biyu yana ƙifta koren ido. Na tambaya, ya ce waifai ne, ta iska yake raba sabis ba sai da igiya ba. To ni duk tsaron da nake yi igiya nake tsaro. Abin da zai shigo ta iska ai zai fita ta iska. Na ce sai ya kashe. Samarin benci suka hau gunaguni, Yaya tana zungurina, amma ya yi dariya ya zare.

Na sayi sabon memori na ɓare ledarsa da hannuna. Da ya nemo waƙar ya kunna don in tabbatar ita ce, sai muryar Inna ta cika shagon. Ɗana ya ɗago kai daga bayana yana waige-waige.

Mai gyaran ya ce, "Hajiya, kakata ma tana yin wannan. Ki bar min kofi mana. Waƙar reno ai ta kowa ce."

Na ce, "Malam, waƙar ta kowa ce, ka je ka rera. Muryar ta uwata ce."

Ya ce, "To waƙoƙin mutane da kuka cika kwamfutar da su, wa kuka tambaya?"

Samari suka kwashe da dariya. Maganar ta bi ni har mota. Amma ban ba shi ba. Na sa ya kwafa a memorina, ya wanke kwamfutar a gabana, sannan na yarda ya mayar da akwatinsa. Duk tsawon zaman da sabuwar manhajar take sauka, Inna tana cikin wani abu da bai kai farcena ba, ƙulle a bakin zanina. Yaya ta kawo fura na kasa sha. Hannuna ɗaya yana kan ƙullin.

A tashar Daura lasifikokin masu tura waƙa suna ta amo. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da kunne, ko zan ji muryar Inna a ciki. Mun iso gida ana kiran magariba. Ko mayafi ban cire ba na sa memorin a wayar Yaya. Wayar ta yi shiru, ta yi shiru, sai ga Inna ta yi gyaran murya yadda ta saba kafin ta fara. Nan na zauna a ƙasa.

Abin da na koyo, abin da kike ji da shi kada ki bar shi wuri ɗaya, kuma in za a kwafa, a kwafa idonki biyu. Waƙoƙin maigidan sun tafi da wankin. Na gaya masa a waya, ya yi faɗansa ya gama, ban ce a nemo su ba. Mai gyaran kuwa wataƙila mutumin kirki ne, Allah Ya yafe min zato. Amma ranar kasuwa in na ji lasifika daga nesa, har yanzu sai na tsaya na saurara.