Duwatsun da Baba Ya Rabar

Baba ne ya raka ni aikina na farko, kuma ba don yana son aikin ba. Hujjar hana ni ya je nema.

Ina ajin kusa da na ƙarshe a jami'a, ina karatun duwatsu da abin da ke ƙarƙashin ƙasa, aka ce kowa ya nemi inda zai yi watannin koyon aiki. Na samu wani kamfani da aka ba binciken wurin da za a gina ƙaramar madatsar ruwa, a wani ƙauye ta wajen Dutsi. Shekarun farko ne na Shari'a, kowa yana kaffa-kaffa, ga shi wurin aikin maza ne zalla. Baba kuwa dillalin shanu ne, rayuwarsa tsakanin karar Mai'aduwa da ta Mashi, kuma tun farko aikin asibiti ya so mini. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana, ko yana fushi. Da na kawo masa maganar sai ya ce, "Uwata, wai dutse ne babu a Daura har sai an je jami'a?"

Ya kwana biyu yana juya abin, sannan ya yanke hukunci. Zai bar kasuwa ya bi ni, ya zama muharramina, ya kuma gani da idonsa. "In na ga aiki ne, ki koma ki ƙarasa. In kuwa 'yar carafke ce ake yi a tsakiyar ƙarti, to bokon ya isa haka." Baba ba ya magana biyu. Na san shekarar ƙarshen nan tawa tana hannun abin da zai gani.

Aikin ga yadda yake. Inji yana tura bututun ƙarfe cikin ƙasa, ya yanko dutse dogo mai santsi, kaurinsa kamar na rake mai kyau. In aka zaro shi sai a jera a akwatunan katako masu layi-layi, na sama a farko, na ƙasa a ƙarshe, ba a yarda ko guda ya tsallake ɗan'uwansa. Ni kuma in durƙusa in jiƙa su, in auna, in duba da ɗan gilashin ƙara girma, in rubuta abin da na gani. Abin da aka fi nema shi ne tsaga. Karyewar da inji ya yi, fuskarta sabuwa ce fes. Tsagar asali kuwa tana da jan tsatsa, alamar ruwa ya daɗe yana bi ta nan. In aka ɗora bangon madatsa a kan irin wannan, an tara ruwa a kwando ke nan.

Baba ya samu gindin wata tsamiya kusa da akwatunan, ya shimfiɗa buzunsa. Kafin a ce me, ya tara dattawan ƙauyen, ana ta hirar farashin bijimai. Ni dai in na ɗago sai in ga yana kallona yana girgiza kai. Ranar da ruwan gorata ya ƙare na ɗan lashi wani dutse don in ga ƙwayarsa, sai na ji daga bayana, "Subhanallahi! Har da lasa a karatun?" Dattawa suka kwashe da dariya. Na ji haushi ƙwarai, amma na haɗiye.

Rani ne, rijiyar ƙauyen ta ja baya. Ɗan abin da mata suke samowa daga nesa na sha ne da girki, tsofaffi da yawa taimama suke yi. Na ga hakan da idona, amma ban kawo komai a raina ba.

Kullum da azahar nakan shiga gidan mai gari in yi salla in ci abinci da matansa, Baba yana waje. Wata rana da safe muka kai wani zurfi inda dutsen ya riƙa fitowa gajeru-gajeru, kowanne daidai cikin tafin hannu. Na jera su, na ja jan layi a bayansu daga farko zuwa ƙarshe kamar yadda aka koya mana, na ce in na dawo zan zauna musu a tsanake. Ina dawowa na tarar da akwatin kamar bakin tsohuwa, giɓi ta ko'ina. Dogayen suna nan, gajerun babu.

Shugaban aikin, wanda muke ce wa Oga, mutumin kirki ne amma zuciyarsa a kusa take. Ga shi an riga an kwance injin za a kai shi rami na gaba. Ya hau faɗa, yana cewa sata ce, zai kira 'yan sanda, sai an je gaban alƙali. To a lokacin nan kalmar sata ba abin wasa ba ce, kowa yana jin labarin haddi a rediyo. Kafin a jima magana ta zaga gari. Gindin tsamiya ya watse, wanda ka tambaya duk sai ya ce shi bai ga komai ba. Daga baya wata matar mai gari ta ce mini har akwai wanda ya cusa nasa cikin rumbu, ya zauna a bakin rumbun yana salati.

Na zagaya bayan motar kaya na fashe da kuka. Kukan takaici ne. Wurin da ya fi ko'ina muhimmanci a ramin ya ɓace a hannuna, ni 'yar koyo, kuma a gaban mutumin da ya zo neman dalili. Ina cikin haka sai ga Baba.

"Uwata, kuka a kan dutse?"

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ran nan. Na ce, "Baba, ba dutse ba ne kawai! Gajerun nan su ne za su faɗa mana ko ruwa zai tsaya ko zai zurare. Dogayen lafiyarsu ƙalau, ba abin da za su gaya mana. In aka yi ginin nan a kan tsaga, mutanen nan za su ga ruwa da damina, kafin rani ya tsaya ya gudu ta ƙasa, su koma gidan jiya."

Ya waiga wajen akwatunan. Can ya ce, "Gajerun ne masu amfanin?"

"Su ne."

"Innalillahi." Ya cire hula ya mayar. "Ai ni na ce su ɗiba."

Ashe wani dattijo ne ya shafa guda ya ce kai, wannan santsi, da zai samu irinsa ai ya huta da neman dutsen taimama. Baba kuwa, da son a san shi mai kyauta ne, ya ce ai na 'yarsa ne, kowa ya ɗauki ƙanana, a dai bar mata manyan. A ganinsa gajerun nan ragowa ce, irin wadda ake sharewa.

Da aka idar da la'asar Baba ya tsaya a ƙofar masallaci, ni ina can gefe jikin katanga. Baba yana da murya, ta kara ce. Ya ce, "Jama'a, ba wanda ya yi sata a garin nan. Ni na ba ku, kuma na ba ku abin da ban san darajarsa ba. In alƙali za a je, ni za a kai. Amma ku taimaka ku dawo da su, don ruwanku ne a ciki." Mutumin da ban taɓa jin ya ce ya yi kuskure ba, ko a gida, shi ne ya faɗi haka a bainar jama'a.

Sai liman ya sa hannu a aljihu ya fito da nasa. Shi ke nan, kamar an buɗe ƙofa. Wannan ya zaro daga aljihun 'yar ciki, wancan ya ruga gida, mai rumbu ma ya dawo da nasa duk ƙaiƙayi. Oga ya ji kunya, ya ba dattawa haƙuri, amma da ya ga duwatsun tsibi guda a ƙasa sai ya ce aikin banza ne, tunda jerin ya riga ya rikice.

Na ce a ba ni tabarma.

Aka kawo akwatin, na zauna, gari guda a tsaye a kaina. Na jiƙa duwatsun duka. Jan layin da na ja da safe bai goge ba, ga kuma wata farar jijiya da ta ratsa dutsen a karkace, ita ma tana nuna hanya. Fuskar kowace karaya tana da abokiyarta, kamar ƙwaryar da ta fashe, in ka juya ta daidai sai ka ji ta zauna daram. Duk wanda ya zauna sai in ji dattawa sun ce, "Allahu akbar!" Wani tsoho ya ce wa na kusa da shi, "Ka ga, nawa ne ke bin naka." Na manta da Oga, na manta da kowa. Wallahi ban taɓa jin daɗin karatuna kamar a kan tabarmar nan ba.

Suka ƙare, saura giɓi ɗaya a tsakiya. Na juya na sama, na juya na ƙasa, sun ƙi haɗuwa. Na ce, "Akwai saura guda." Kowa ya kalli ɗan'uwansa. Sai na ji an yi gyaran murya. Baba ne, yana lalube a aljihun babbar rigarsa.

"Har da kai, Baba?"

"To ni ba na salla ne?"

Dariyar da aka yi har mata sai da suka leƙo ta kan danga. Na karɓa na sa shi, ya zauna. Da na sake ɗago shi na duba, fuskokinsa biyu duk jan tsatsa ne, har da ɗan yumɓu a maƙale. Na miƙa wa Oga. Ya daɗe yana dubawa da gilashi, sannan ya tambaye ni da Turanci, a gaban kowa, me na gani. Na ce tsaga ce buɗaɗɗiya, ruwa yana bin ta, kuma ina ganin a ƙara rami a kusa kafin a tsayar da wurin bango. Ya ce haka za a yi, in rubuta. Baba ba ya jin Turanci, amma ya ga wanda ya yi tambaya, ya ga wadda ta ba da amsa.

Washegari buzunsa ya tashi daga gindin tsamiya ya koma jikin akwatunan, cikin rana, sandarsa a kan cinya. Ko ma'aikatanmu ne suka matso sai ya ce, "Kai, a hankali, ba ta karanta wannan ba tukuna." Ramukan da aka ƙara suka nuna tsagar ta yi nisa, aka matsar da bangon gaba. Da za mu tashi na roƙi Oga wasu daga can ƙasan rami, inda dutsen yake lafiya kuma an gama da shi, aka yanka daidai hannu, na bi dattawan nan ɗaya bayan ɗaya na ba su. Na Baba na ba shi a ƙarshe.

Bai taɓa ce mini ya yarda ba. Ranar komawa makaranta dai na fito na tarar ya riga ya ɗaure jakata a bayan babur, yana faɗan zan sa mu rasa motar farko.

Na yi shekaru ina wannan aiki, na duba ramukan da ban san adadinsu ba. A ciwonsa na ƙarshe, da likita ya hana shi taɓa ruwan sanyi, dutsen nan ne a gefen matashinsa, ya yi baƙi saboda shafa. Wani abokinsa na kara ya zo dubiya, ya ɗauka yana juyawa, ya ce ina ya samo wannan. Ina zaune a bakin ƙofa. Muryar Baba ta riga ta tafi, sai an matso ake jin sa, amma na ji.

"Uwata ce ta ciro shi daga ƙarƙashin ƙasa. Ajiye mini a hankali, kai ba ka iya karanta shi ba."