Buzu Ɗaya, Dattawa Uku

A shekarun da ake ta zancen mulkin kai, ni da wani abokina tela muka yi niyyar kafa zaman karatu a Rano. So muke mu san yadda gari yake tafiya: ina ikon mai unguwa ya tsaya, ina na dagaci ya fara, kuma majalisar nan da aka ce an kafa me take yi wanda hakimi ba ya yi. Ni iyakar ilimina ajin yaƙi da jahilci ne. Ina iya karanta takarda in an rubuta ta da kyau, wannan kuwa ya ishe ni jin kaina.

Telan daga wani ƙauye yake kusa da Kibiya, yana zuwa Rano a keke ranar kasuwa. Ba sha'awar ilimi kaɗai ta kawo shi ba. Rijiyar unguwarsu ce ta rufta da damina, ga rani na tahowa, mutanensa suka ɗora masa neman wanda zai sa a gyara. Bai san ƙofar da zai bi ba. Ni ma ban sani ba, amma ban gaya masa ba.

Muka yanke shawarar gayyato mutum uku su koya mana: malamin unguwarmu, da sarkin kasuwa, da wani tsohon masinja da ya daɗe yana kai takardu tsakanin Rano da Kano. Tela ya ce ni zan je musu, tunda garinmu ne.

A nan na fara ɓata abin. Da na durƙusa gaban Malam, sai ya ce, "To, wa zai ja zaman?" Bakina ya kasa ambatar wani. Na ce, "Ai kai ne, Allah gafarta Malam." Sarkin kasuwa ya yi mini tambayar nan, na ce, "Ranka ya daɗe, in ba kai ba wa?" Masinja bai ma tambaya ba, ni na gaya masa shi zai ja zaman, don na ga bai nuna ɗoki ba.

Ranar zama, bayan la'asar, na shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanmu, na ajiye buzu ɗaya a gaba. A wurinmu wanda ya hau buzu shi ke magana, saura su saurara. Na yi tunanin wanda ya fara isowa zai hau, magana ta ƙare. Sai ga su ukun tare, daga masallaci ɗaya suka fito.

Sarkin kasuwa ya nuna buzu. "Bismillah, Malam."

"A'a, Sarki, yau ba ranar littafi ba ce. Zancen gari naku ne."

"Ni me na sani ban da rigimar masu albasa? Ga wanda ya ga Kano da idonsa."

Masinja ya ce, "Ni ɗaukar takarda nake yi, ban taɓa buɗe ko ɗaya ba."

Aka yi dariya. Amma kowannensu yana satar kallona, yana jira in maimaita a gaban jama'a abin da na faɗa masa a zaurensa. Na sunkuyar da kai ina gyara bakin tabarma. Daga ƙarshe suka zauna a gefe su duka, buzu babu kowa. Tunda ba wanda ya ja zama, sai hira ta koma kan tsuntsayen da ke cin dawa.

Tela ya daure ya kawo zancen rijiya. Malam ya ce Sarki ya fi shi sani. Sarki ya ce rijiyar ba a kasuwa take ba. Masinja ya ce sai an sa hannu a takarda, amma hannun wa, wannan ya danganta. Na rikice fiye da yadda nake kafin zaman. Aka kira magariba, kowa ya kaɗe rigarsa.

Da na raka tela bakin hanya, ya tsaya riƙe da kekensa ya ce, "Malam, ni fa har yanzu ban ji inda zan je ba. Me zan gaya musu a gida?"

Da na ce ban sani ba, da ya koma ya tambayi dattawan ƙauyensu. Kunya ta hana ni. Na ce masa yanzu zamani ya canza, talaka yana iya zuwa wurin hakimi kai tsaye. Ban san inda na samo wannan ba. Ni na rubuta masa takardar koke da hannuna, ya kai wa hakimi.

Aka dawo da ita ƙauyensu, aka ce a biyo ta hannun dagaci. Dagaci kuwa ya ji an tsallake shi, kuma da gaskiyarsa. Sai da dattawa suka yi ta zuwa ban haƙuri kafin maganar ta sake tashi. Ranin nan gaba ɗaya matan unguwar a wani rafi mai nisa suka ɗebi ruwa, ana nuna tela ana cewa ga ɗan zamani.

Da aka tambaye ni, na ce gaggawarsa ce ta jawo. Maganar ta kai kunnensa. Bai zo ya tuhume ni ba, ya dai daina tsayawa a ƙofarmu ranar kasuwa. Har ya rasu ban nemi gafararsa ba. Allah Ya yafe mini, Ya jiƙansa.