Gadar Ladan da Na Hana

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, 15 ga Satumba 1971, Allah ya karɓi ran Ladan Abdulmuttalib, mai gyaran keke na ƙauyenmu Hillar Sambo, a nan ƙasar Sudan. Ya cika a bayan babbar mota, kafin a isa asibitin Sinnar. Ni ne Maliki mai fito, wanda ya ƙetarar da shi a jirgi, kuma ba ni da bakin da zan yi wa kowa ta'aziyya sai na faɗi abin da ke tsakanina da shi.

Ladan, shekara shida ka yi kana shirya hanya guda. Kowa ya san rafin da ya raba mu da bakin titi: da rani yashi ne, da damina kuwa yakan cika ya yi toroƙo kafin ya zuba cikin kogin Dinder. Ka ce a yi hanyar ƙafa da keke daga ƙofar masallaci har titi, da 'yar gada a kan rafin. Ba ka yi karatun injiniya ba. In an ɗauke ruwan sama sai ka naɗe wando ka bi gonaki, ka ga inda ruwa ke kwanciya da inda baƙar laka ke riƙe taya, ka kafa turaku a kan tudu. Ka zauna da makiyaya don kada hanyar ta ci burtalinsu. Matan da ke kai ɗanyen kuɓewa kasuwa suka ce maka faɗin gadar ya isa mace da kaya a ka ta wuce mai keke, ka sake awo saboda su.

Ni kuwa jirgina nake gani, don in aka yi gada fito ya mutu. Ranar da dattawa suka taru, na miƙe na ce gadar za ta rufta da mutane. Na ce gurbin da ka zaɓa makwancin iskoki ne, alhali na san ƙarya nake yi. Bayan kwana biyu na tumɓuke turakun bakin rafi na zuba a ruwa. Ka sani. Ka zo ka same ni ina toshe jirgi, ka zauna ka ce, "Baba Maliki, mi kaka jin tsoro? Gadar ga tana son mai tsaro, kuma babu wanda ya san halin ruwan nan kamarka." Ban ko ɗago kai ba.

A watan da na yi haka ne matata Kulu ta kwanta ciwo. Kai ne ka riƙa hawa keke zuwa garin Dinder duk Litinin kana karɓo mata magani, ka ajiye a bakin zaure ka wuce don kada in ji nauyin yi maka godiya.

Bara ka samo tsoffin ƙarafan layin dogo guda huɗu, aka sauke su a hayi. Dattawa suka ce ba za a fara ba sai baki ya zo ɗaya. Bakina ne bai zo ba.

Da zazzaɓi ya kayar da kai ranar Lahadi, rafi ya cika har ya shafe mashiga. 'Yarka Sakina ta zo ta durƙusa ta ce, "Baba, ko kwance ne a ƙetarar da shi." Na duba ruwa, na san jirgi ba zai kai ba. Kwana biyu muka jira. Ran Laraba da hantsi ruwa ya ja, muka kwantar da kai a cikin jirgi. Muna tsakiya ka buɗe ido ka ce, "Kak ku kafa ƙafar gadar a gindin tsamiya, ƙasar wurin tana zaizaya." Ban ƙara jin muryarka ba.

Jiya na je wajen dattawa na ce na janye, a yi gadar. Suka ce, wa zai yi ta? Takardar da ka bari layuka ne da alamomi, babu mai iya karanta su sai kai. Samarin da ka koya wa awo sun tafi aikin auduga Jazira. Ciyawa ta rufe ƙarafan, wani ma ya fara tambayar ko za a yanka su a yi turken shanu. Ni kuma tsufa ya kama ni, ba ni da magaji a fito. Ban san yadda ƙauyen nan zai ƙetare damina mai zuwa ba.

Ya Allah, ka gafarta wa Ladan, ka haskaka kabarinsa, ka sa ya ƙetare siraɗi cikin sauƙi, ka sanya Aljanna Firdausi makomarsa. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarsa Iya Barakatu, da matarsa Rabi'atu, da Sakina da ƙannenta. Allah ya ba ku haƙuri. Ban roƙe shi gafara yana raye ba, ku nake roƙo yanzu, in kun iya.

Maliki mai fito, Hillar Sambo