Araksi, Amsar Ta Iso Ranar Lahadi

Ranar Asabar, 16 ga watan Maris, da la'asar, Araksi Boyajian ta rasu a gidanta da ke Glendale tana da shekara saba'in da ɗaya. Mijinta Garo ne ya kira ni. Wanda Ya ba mu aronta Ya karɓi abinSa, gare Shi kuma duk za mu koma.

Araksi, shekara talatin muna ofis ɗaya, can ƙarshen barandar da ba mai zuwa sai wanda ya yi ɓatan kai. Masu kula da sababbin kumbunan sararin samaniya suna hawa na sama. Mu tsofaffi shida aka bar wa Dattijo, kumbon da aka harba tun kina jami'a, wanda ya yi nisan da saƙo kan shafe awa ashirin da biyu kafin ya same shi. Ina kewar safiyar Litinin, ki shigo da gurasa mai nama, ki ce ba mai taɓawa sai ya faɗi ɓarnar da ya yi a makon jiya. Ni na fi kowa ƙoshi.

A watan Nuwamba Dattijo ya fara sambatu, yana aiko lambobin da ba kai ba gindi. Shugabanni suka ce in Maris ya ƙare bai dawo hayyacinsa ba, za a rufe aikin. Ke kika tone akwatunan takardun da suka yi ja don tsufa, kika gano wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwar kwamfutarsa ne ya mutu, sai an kwashe umarnin da ke wurin an raba shi a wasu gurabe. Babu irin kwamfutar a doron ƙasa balle a gwada, waɗanda suka ƙera ta kuma sun riga mu gidan gaskiya. Sai kika mai da kanki kwamfutar: ɗayanmu yana karanto umarni layi-layi, kina binsa da fensir.

Ranar Larabar ƙarshe na gaji. Na ce, "Haba Araksi, sau uku fa muka bi. Mu tura kawai."

Kika dube ni ta saman tabarau. "Kai Leopold, da ka taɓa zuwa ɗaurin auren ƙanenka washegarin biki, kai ne za ka ce ba kuskure? Zauna ka karanto."

A layi na ɗari biyu da sha biyu fensirinki ya tsaya. Ashe gurbin da na zaɓa ya hau kan umarnin da ke riƙe fuskar kumbon tana duban duniya. Da mun tura, da ya juya mana baya, ba zai sake jin muryarmu ba har abada. Kunya ta rufe ni. A rahoto kika rubuta "mun gyara", ba ki ambaci sunan kowa ba. Ban taɓa yi miki godiya ba, wannan kuwa yana ci na.

Ranar Juma'a da ƙarfe goma na safe muka tura. Kika rataya jaka kika ce, "Sai Litinin. In ya yi magana kafin nan, ku ce masa ina fushi da shi."

Lahadi da sassafe mu biyar muka hallara. Lambobi suka fara sauka tsaf: zafin jikinsa, ƙarfin wutarsa, inda ya sa gaba. Ba wanda ya tafa. Na yi lissafi, Araksi. Gyaranki ya same shi ranar Asabar da ƙarfe takwas na safe, nan take ya amsa. Lokacin da kika cika, amsarki ta riga ta yi awa takwas a hanya.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki kurakuranki, Ya sa kin huta. Garo, 'yarku Talin da ƙananan jikoki, Allah Ya ba ku haƙuri da dangana. Mu biyar da muka rage, Allah Ya kyautata namu ƙarshen.