Sandar da Malam Ya Shafa Shi Kaɗai

Har yau ba na son azahar ta same ni a ɗakin aikin nan. Da zarar ladan ya kira, titin unguwarmu ya yi tsit saboda rana, sai in ji kamar an ja kujera a bayana, kamar wani ya miƙe zai tafi masallaci. Na san babu kowa. Amma sai na waiwaya.

Mijina gyaran sandunan kamun kifi yake yi, a nan Harra ta Yamma, a Madina, garin da ko rafi babu. Na sha yi masa tsiya a kan haka. Mutum ya taso a bakin tafkin Cadi, ya zo ya tare a tsakiyar baƙin dutse, ya ce shi da kifi mutu-ka-raba. Sai ya yi dariya ya ce ai mutanen Madina sun fi kowa son teku, tunda ba su da ita. Kuma gaskiyarsa ce. Duk ƙarshen mako akwai masu ɗaure kaya su nufi Yambu da ke bakin teku, su dawo da sanda zobbanta sun karye ko gishiri ya cinye su, su kawo wa Malam. Haka nake kiransa, shi kuma Hajiya yake ce mini.

Zobban nan da igiyar fatsa ke bi ta cikinsu, da zare ake ɗaure ƙafarsu a jikin sanda, naɗi kusa da naɗi, ba a barin rata. In an gama sai a shafa wa zaren abin da a nan ake kira warnish, wani gam mai kama da zuma wanda ake haɗawa daga kwalba biyu. A nan Malam yake da ji da kai. Naɗin zare, in ji shi, ko wa ya zauna zai iya, shafawar ce ke raba mai aiki da mai ɓata kayan mutane. A hankali yake gauraya shi don kada ya yi kumfa. Yana da wani ɗan inji da ya ciro daga tsohuwar na'urar gasa kaji, shi ke juya sandar, shi kuma ya tsayar da buroshi wuri ɗaya, sandar ta kawo kanta. Dole warnish ya ɗan haura bakin zare kaɗan, ya zagaye daidai kamar an ja layi. Dole ya cike ɗan ramin da ke gefen ƙafar zobe, in ba haka ba ruwan gishiri ya samu hanya. Kumfar da ta taso kuwa, da bututun shan lemo yake hura mata numfashi ta fashe.

Kullum yakan tsara aikin ya ƙare gab da azahar. Ya wanke hannu ya tafi masallaci, ni kuma in zauna gadi, in kori ƙuda, in lura kada injin ya tsaya, domin in ya tsaya kafin warnish ya kama, duk sai ya zubo ƙasa ya taru. Shekaru ina wannan gadin, ba ni da izinin taɓa ko buroshi. Washegari in ya bushe, sai ya bi kowane naɗi da babban yatsansa, ya gyaɗa kai, ya jingine sandar.

Ciwon suga ne ya taɓa masa ido. A jikin aikin na fara ganewa, don shi bai taɓa buɗe baki ya faɗa ba. Gefen warnish ɗin ya fara karkacewa. Wani wurin ya jibga, wani wurin zare na nan a bushe, ga kumfa birjik bai gani ba. Ranar farko da na lura, ya fita kenan, na tsaya ina kallon sandar tana juyawa. A zafin Madina warnish ba ya jiran kowa. Na ɗauki buroshinsa na kwashe inda ya yi yawa, na kai inda babu, na daidaita gefen da tsinke, na hura wa kumfar. Kafin ya yi sallama na wanke buroshin na mayar yadda ya ajiye shi.

Tsoro nake ji, ba wani abu ba. Yana da wani amini, tela mutumin Sudan, wanda 'ya'yansa suka ɗauke masa keke suka ce ya huta. Hutun ne ya kashe shi. A gaban idonmu ya zama abin tausayi a bakin ƙofa, bai rufe shekara ba. Na san Malam irinsa ne sak. Ranar da ya gane hannunsa ya daina kyau zai ajiye buroshi, kuma in ya ajiye ba zai daɗe ba. Don haka na ci gaba. Shi yana can yana salla, ni ina nan ina bin bayansa. Masu sanduna suna ta yabo, wani dattijo mai gonar dabino a Khaibar har cewa yake yi hannun Malam ƙara kyau yake yi da tsufa. Malam ya yi ta murmushi, ni kuma in shige kicin ina jin haushi da daɗi a haɗe.

Sai 'yarmu da ke aure a unguwar Ƙurban ta fara naƙuda, haihuwar ta zo da gardama, dole na tafi na zauna da ita. Da zan fita na ce masa, "Malam, sandar dattijon nan ka bari sai na dawo, babu mai yi maka gadin ƙuda."

Ya ce, "Ɗayyib, Hajiya. Yalla, ki tafi, mota na jira."

Da ma na san ɗayyib ɗinsa, "to" ce ta fatar baki kawai. Da na dawo bayan 'yan kwanaki, tun daga ƙofa na ji warin warnish. Sandar tana kan inji, bai sauke ta ba, ta bushe ƙam. Ban taɓa ganin aiki mai muni haka a ɗakin ba. Warnish ya gangaro jikin sanda ya daskare, wani zobe ya kusa toshewa, ga ƙuda guda ya maƙale a ciki. Bushasshen warnish ba ya gyaruwa, sai dai a sa reza a yanke har zaren.

Yana zaune a kujerarsa. Ya tambayi mai jego da jariri, na ba shi amsa. Sannan ya ce, "Duba mini wannan. Ta yi?"

Bai taɓa tambayata ba tunda muke. Na ce, "Ta yi."

Ya miƙa hannu ya laluba, ya ɗora babban yatsansa a naɗin farko. A nan na gane tun da ta bushe ya riga ya taɓa ta, jirana kawai yake yi. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Sai ya tashi ya ɗauko wata sanda da aka gama kafin in tafi, wadda mai ita bai zo ba tukuna, ya bi ta ita ma, sumul. Ya koma waccan, ya dawo wannan. Ni dai ina tsaye da mayafina ko cirewa ban yi ba.

"Tun yaushe?" in ji shi.

"Tun kafin azumin bara."

Na so ya yi faɗa, na so ya ce na raina shi, da na samu abin mayarwa. Amma cewa ya yi, "Kin iya gefe, wallahi." Ya lalubo buroshin ya miƙo mini ta wajen mariƙi. "Khalas, shi ke nan. Ki yanke wannan ki sake wa bawan Allah."

Abin da nake gudu shi ya faru, kuma yadda na zata. Bai sake zama a kujerar ba. Na roƙe shi, na yi fushi, na ce to ya riƙa naɗa zare ni in shafa, ya ce a'a. Ya koma bakin ƙofa da tasbaha. In masu sanduna suka zo sai ya nuna musu ciki da hannu, ya ce su yi magana da Hajiya. Abinci ya ragu, magana ta ragu. Kafin dabino ya sake nuna ya kwanta.

Ranar da zai cika, da la'asar ne, zazzaɓi ya ɗauke masa hankali. Ina zaune a gefen gado sai na ga ya ɗaga hannun dama, yatsu uku a haɗe kamar mai riƙe da buroshi, ya tsayar da shi cak a iska. Ko motsi hannun ba ya yi. Ya turo baki yana hurawa a hankali. Na ga zai gaji, na kai hannu zan sauke masa.

Ba tare da ya juyo ba ya ce, "Hajiya, wannan ki bar mini. Kada ki taɓa."

Na janye hannuwana na ɗora su a cinya. Na zauna ina kallonsa har ya gama.